'Yar mesata ta tsayar da lodin waken suya

Jama'a, yau maciji ya kusa hana ni lodin buhu tamanin na waken suya!

Kun san 'yar mesar da nake kiwo a akwati cikin sito. Wata biyu da suka wuce babba na so in saya, gardin da ke sayar da su ya hana ni. Ya ce, "Alhaji, sabon shiga ƙarama yake ɗauka, mai dunƙulewa. Ba ta da dafi, ba ta da faɗa."

Yau da hantsi mota ta iso, na duba akwati, wayam! Na yi kuskuren faɗa da ƙarfi. Kafin in rufe baki 'yan dako duk sun yi waje!

Shugabansu ya ce, "Alhaji, buhu muka zo ɗauka, ba ajali ba."

Direba ya ce shi kam azahar na yi zai wuce Ibeto.

Sai ga Mama Saratu, tsohuwar da ke kawo mini masara daga Rijau. Ta ce, "Ɗana, wace iri ce?" Na kwatanta mata. Ta yi dariya, ta ɗauki mudu, ta shige.

Ba a jima ba ta fito da ita cikin mudun, a dunƙule kamar curin fura, ciki ya yi tulu. Ashe ɓera ta haɗiye!

Ta ce, "Ƙattin banza, ku shiga ku yi aiki!"

Allah ya saka wa Mama da gardin nan da alheri. Kaya sun tafi cif. Asarata awa ɗaya, ribata ɓera guda.