Murhun Bature, Tulun Hajja

"Wa ya sake cire buhun nan?"

Muryar Abbanmu ke nan a falon gidan da muka koma a unguwar Sharafiyya, ina 'yar shekara tara. Bature ne ya gina gidan, ya yi murhun jin ɗumi a jikin bango, da bututun hayaƙi har saman rufi. A Jidda fa! Ba mu taɓa hura wuta a ciki ba. Amma lokacin sanyi ta nan iska ke zubowa, ta sauka daidai kan gwiwoyin kakarmu Hajja Dije masu ciwo.

Sau uku Abba yana kawo buhu daga tashar jiragen ruwa inda yake aiki, yana cusawa a bututun. Sau uku buhun yana ɓacewa. Mu yara aka zarga, har an ɗauko bulala.

Sai Hajja ta yi gyaran murya.

"Halas, ya isa haka, ƙyale su. Ni ce."

"Inna, don gwiwarki fa nake toshewa!"

Ta ɗaga zanen da ta yi wa murhun labule da shi. Ga tulunta zaune a ciki, iska na kaɗa shi.

"Gwiwa ta saba da ciwo tun muna Sudan. Ruwa mai sanyin wannan kuwa sai a gidan Bature. Kurɓi ka ji."

Abba ya kurɓa, ya ƙara. Ƙarshenta buhun nan a gwiwar Hajja aka naɗe shi.

Ɗazu na sha ruwan firij, wallahi bai kama ƙafar na tulun Hajja ba. Ku fa, wane gyara kuka taɓa yi wa tsohuwa ta warware abinta?