Takardun Gargaɗi Bakwai na Laouali Mai Tanka

Ran Talata, 14 ga Maris 2017, da ƙarfe tara na safe, aka shigo da Laouali Mamane ofishin wani kamfanin gine-gine da ke unguwar Al-Naseem a Riyadh domin a buɗe masa fayil. Maiwada, akawun da ke riƙe da takardun ma'aikata, ya rubuta shekarunsa arba'in da shida, garinsu wani ƙauye a bakin dajin Baban Rafi kudu da Maraɗi, aikinsa tuƙin tankar ruwa. Da suka zo gurbin sana'ar da ya yi a baya, sai Laouali ya gyara zama.

"Na kashe daji shekara goma, na yi jinyarsa shekara sha biyar."

"Gurbin ba zai ɗauki wannan ba," in ji Maiwada. Ya rubuta manomi.

Daga baya ya ji labarin, ba sau ɗaya ba, kuma ba don ya tambaya ba. Laouali ya tashi yana saran itace yana loda wa motocin da ke kaiwa birni, har ya ga birai da barewa sun ƙaurace wa gefen ƙauyensu, iska ta riƙa binne gero tun yana tsiro. Sai dattawa suka koma wa kututture. Ashe itacen da aka sare bai mutu ba, saiwarsa na nan a ƙasa. Idan ya yi toho ashirin, a zaɓi uku masu ƙarfi a bari, a datse sauran, a tsare shi daga awaki. Rassan da aka datse na wanda ya yi aikin ne, matarsa ta yi girki da su. Haka Laouali ya tayar da itatuwan gonarsa, kuma haka ya iso Riyadh da wuƙar sassabe a cikin jaka.

Aikinsa ba wuya. Ya ɗebo ruwa, ya kai inda kamfanin ke gini a arewacin gari, ya dawo. Amma kilomita uku daga hanyar akwai wani kwari da masu fita shan iska lokacin sanyi suka sassare itatuwansa don hura wuta. Larabawa na kiran itacen ɗalha. Laouali ya ce ƙanen bagaruwa ne, kuma ba zai wuce ɗan'uwa yana kwance ba.

A watan Oktoban 2018 mai kula da wurin ginin ya aiko da hoton tankar kamfani a cikin kwarin, Laouali a tsugune yana zuba wa kututture ruwa. Maiwada ya buga takardar gargaɗi ta farko, ya maƙala hoton, ya kira shi.

"Malam Laouali, ruwan nan na wa ne?"

"Na gindin tanka ne, Akawu. Wanda ake zubarwa a kwalta."

"Man da ka ƙona fa? Shi ma na gindin tanka ne?"

"Ka rubuta kututture goma sha tara. Goma sha bakwai da ka sa ba su cika ba, biyu na bayan dutse."

Maiwada ya dube shi ya ga da gaske yake. Mutum ana yi masa gargaɗi yana gyara lissafin laifinsa. Ya gyara, domin ba ya barin kuskure a takarda, ya sa shi ya sa hannu.

Haka aka yi ta yi. Duk bayan 'yan watanni hoto ya zo, takarda ta fita, Laouali ya sa hannu ya ƙara bayani. A ta uku ya nemi a rubuta cewa damo ya haƙa rami a gindin itace na shida. A ta biyar, kurciya ta yi sheƙa. Maiwada ya yi faɗa, ya yi nasiha, ya tuna masa cewa iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa a ƙasar, a hannun kamfani take, kuma 'ya'yansa biyar da matarsa Zouera ba inuwar ɗalha za su ci ba. Laouali yakan ce gaskiya ne, ya yi godiya, ya fita, ya koma kwarin. Ƙa'ida ita ce a miƙa wa manaja fayil bayan gargaɗi na uku. Maiwada ya jera takardun bisa kwanan wata, ya rufe durowa, yana gaya wa kansa zai miƙa mako mai zuwa.

Ran Lahadi, 16 ga Janairun 2022, da hantsi, jami'an kare muhalli suka tare tankar a bakin kwarin. A samanta akwai dami huɗu na ɗanyun rassa, a aljihun direba kuma wuƙa. Saran itacen daji laifi ne a ƙasar, ɗaukarsa a mota ma laifi ne. Aka kira kamfani, manaja ya tura Maiwada ya yi tafinta, ya ce shi ma yana tafe.

Maiwada ya sami Laouali zaune a benci, ya zauna kusa da shi, ya yi ƙasa da murya.

"Shekara uku ina ce maka ka bari. Shayarwar ba ta isa ba sai ka haɗa da sara?"

"Ba sara ba ne, aski ne. In ba a rage masa ba, ba ya tashi."

"To me ya sa ka ɗauko rassan?"

"Nawa ne mana. Ni na yi aikin."

"A Baban Rafi naka ne. Nan kuma shaida ce."

Laouali ya dubi jakar da ke hannun Maiwada. "Takarduna na ciki?"

Suna ciki. Maiwada ya bayyana masa yadda abin yake. Idan aka nuna fayil ɗin, jami'ai za su ga ba mai saran itace ba ne, amma manaja zai ga gargaɗi bakwai da bai taɓa gani ba, kuma ba zai sabunta masa iƙama ba. Idan aka ɓoye, wataƙila kamfani ya tsaya masa a kashe maganar, ya ci gaba da aiki da sunan wanda aka kama da itace.

"Ka nuna," in ji Laouali. "Na taɓa zama mai kashe daji. Ba za a sake rubuta ni haka ba."

"Ni fa? Ka san abin da manaja zai ce mini?"

"Kai dai ka iya bayani, Akawu."

Maiwada ya shimfiɗa takardun a tebur ɗaya bayan ɗaya. A hoton farko kututture ne iya gwiwa. A na bakwai, dutsen bai gusa ba, tankar ma ita ce, amma itacen ya fi rufinta tsawo. Babban jami'in ya daɗe yana dubawa, ya sa aka koma kwarin da Laouali, ya ƙirga goma sha tara da kansa. Ya ce rassan za a riƙe, wuƙar ma haka, kuma datsa sai da izini ko da niyya mai kyau ce. Aka sa Laouali ya rubuta alkawari, aka sallame shi. Manaja ya iso ana shimfiɗa takardun, amma sai da suka fito ya yi magana. Abin da ya faɗa wa Maiwada a bakin mota bai shiga fayil ba.

Kamfanin bai sabunta iƙamar ba. Laouali ya bar Riyadh ran 9 ga Mayun 2022. Maiwada ya karɓi gargaɗinsa na farko a shekara ashirin na aiki, kuma shi ya buga takardar da hannunsa.

Laouali yanzu yana ƙauyensu, yana cikin kwamitin da ke tsare dajin daga masu saran gawayi. Ginin ya matso kwarin, hanya ta ci itatuwa huɗu, an kewaye sha biyar da waya. Duk bayan wata biyu yakan aiko da saƙon murya yana neman a je a ƙirga masa su. Maiwada yakan amsa cewa shi ba mai gadin daji ba ne, sannan ran Asabar ya je ya ƙirga.