Kabewar Ishaya da Ta Tsallake Katanga

Wata Lahadi a farkon damina, shekarar da na shiga aji huɗu, Malama Saratu ta Makarantar Lahadi ta raba mana irin kabewa a ƙarƙashin dalbejiyar cocinmu a Azare. Ta ce kowa ya shuka, wanda tasa ta fi girma shi zai shige gaba ranar godiyar kaka. Ni kuwa tun daga nan na fara gwada tafiyar da zan yi.

Na shuka tawa a tsakiyar gida, na kewaye ta da ƙayar da ko sauro sai ya nemi izini. Kashin awakin unguwa kaf na kwashe mata. Ƙanena Ishaya, sarkin shiririta, ya tura nasa irin a gindin katanga. Yaɗon ya hau, ya leƙa, ya faɗa gidan Hajiya Falmata, wata tsohuwa 'yar Borno da ke riƙon jikoki marayu. Can ya yi fure, can ya zuba 'ya'ya. Mu sai gindi.

Na yi dariya har da riƙe ciki. Na ce, "Malam Ishaya, ka yi wa Hajiya noma kyauta! Jawo abinka mana." Ya ce yaran suna cin ganyen. Da ruwa ya ɗauke, sai ga shi da bokiti daga rijiya yana ban ruwan abin da ba zai ci ba. Hajiya ta taɓa tambayarsa dalili ta kan katanga, ya sosa ƙeya ya ce Yesu ya ce a ƙaunaci maƙwabci. Ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗan nan." Ni da nake kwana ina mafarkin kabewa, ko sannu.

Ranar godiya na ɗauko tawa, ƙatuwa kamar tulu, wuyana na ƙara. Ishaya hannu rabbana. Ina gab da shigewa gaba sai aka ji sallama a bakin ƙofar coci. Hajiya ce da mayafinta, jikoki a bayanta, kowanne da kabewa a ka. Ba ta shigo ba. Ta ce wa dattijon da ke ƙofa, "Na yaron nan Ishaya ne, mun ci mun ƙoshi. Kada ya shiga gaban Ubangijinsa hannu wofi."

Shi ke nan, Fasto ya ajiye wa'azin da ya shirya. "Ku zama kamar yaɗon kabewa," in ji shi, "saiwa a gida, 'ya'ya a maƙwabta." Aka sa Ishaya a gaba. Ni ina baya, kabewata ta tare min ido, har na yi tuntuɓe. Mama ta raɗa min, "Bulus, saki fuskar nan, a coci kake."

Yanzu katangar gidana ta fi ni tsawo, ga waya mai ƙaya a kanta, ko sunan maƙwabcina sai na yi tunani. Ishaya kuwa ma'aikacin jinya ne, jikokin Hajiya har gobe Mai Kabewa suke kiransa, ɗayansu mai keke napep ba ya yarda Ishaya ya taka ƙasa. Ni in na tsayar da shi sai ya ce, "Yayan Mai Kabewa, ina zuwa?"

Har yau abin na ci min rai. Bana dai na shuka tawa a gindin katanga.