Daddawar Garar Hafiza

Duk wanda ya taɓa cin tuwo a gidan Rekiya, can ƙauyensu na bayan Rawayau, ya san ba macen da ake yi wa gorin miya ba ce. A ƙuryar ɗakinta tukwane ne jere. Ga ta kuka, wadda take shanyawa a inuwa don kada rana ta cinye korenta, ga ta busasshiyar kuɓewa, barkono da citta da kimba kowanne a ƙullinsa, kanwa a ƙwarya, man shanu a kwalba. Gero da wake kuwa suna rumbu. In maƙwabciya ta aiko a sam mata gishiri, Rekiya za ta bayar, amma ba ta bayarwa a bushe. Sai ta ce macen da gishirinta ya ƙare ba ta sani ba, wata rana zaninta ma zai faɗi ba ta sani ba. Ga kyauta ga baki, haka Allah ya yi ta.

Sana'arta daddawa, gadon uwarta, kuma ta kalwa zalla. Mijinta Lado, mutum marar hayaniya, shi ke ɗaukar doguwar gora mai ƙugiya da bazara ya kaɗo mata ɗorawa daga itatuwan gonarsu. Ita ta wanke garin ta fitar da kalwar, ta dafa har ta yi laushi, ta surfe, ta rufe ta a kwando da ganye sai ta ruɓa yadda ake so, sannan ta kirɓa ta faɗaɗa a rana. Warin kan kori baƙo daga zaure, amma ranar kasuwar Kurfi kafin azahar ta sayar.

Da ɓarayin daji suka matsa wa yankin, aka watse. Rekiya da Lado da autarsu Hafiza suka kama ɗaki ɗaya a Dutsin-Ma, tukwanen nan duk aka baro su. Kalwa ta yi wuya tunda ba mai shiga daji, masu daddawa suka koma ta waken suya. Rekiya ta ce ita kam a kai kasuwa. Ta gwammace ta zauna ba sana'a da a ce hannunta ya taɓa wannan abu, wanda a cewarta ba shi da maraba da ƙuli-ƙulin da ya kwana a ruwa.

Ana nan aka sa ranar Hafiza da wani tela a Kurfi, yaron da ita ta kawo da kanta. Rekiya ta shiga haɗa gara, kayan abincin da iyayen amarya ke kai mata don ta fara girki da mutuncinta. 'Yan'uwa suka taimaka da shinkafa da manja da man gyaɗa, ta daka yaji, ta samo kuka mai kyau. Saura daddawa. Nan fa barci ya ƙaurace mata, domin ta san matan Kurfi. Za su buɗe kwalla su shinshina, su ce ɗiyar Rekiya mai daddawa ce aka kawo wa ta waken suya.

"Malam, ɗorawar gonarmu ta nuna yanzu," ta ce wa Lado.

"Ta nuna. Wa za ya tahi?"

"Ilu maƙwabcinmu ba ya je ya dawo ba? Ko shi ƙafa huɗu gare shi?"

"Rekiya, ki sayi ta kasuwa. Miya dai ce."

"Miya dai ce! To Allah ya ba mu haƙuri. Wasu ɗiyan da ubanninsu, tawa kuwa sai dai a kai ta da abin kunya."

Hafiza na gefe tana tsince wake, ta ce, "Inna, wallahi ni ban damu ba." Uwar ta ce ta rufe mata baki, mi ta sani.

Maganar ta yi wa Lado ciwo, kuma shi mutum ne da bai iya mayar da magana, sai dai ya tashi ya yi. Da safe ya ari gora, ya hau bayan babur ɗin Ilu suka nufi gona.

Bayan la'asar Ilu ya dawo da mutane, da gawar Lado a bayan wata mota. Ashe shi da Lado sun cika buhu ke nan ɓarayi suka fito musu daga cikin rafi. Ilu ya tsere ta cikin ƙaya, shi kuwa Lado gwiwa ba ta ba shi dama ba. Ɓarayin sun tafi da babur, suka bar buhun, don ba su ga abin yi da ɗorawa ba. Wani daga cikin masu ɗauko gawar ya ga bai kamata a bar shi ba, ya jefo shi a motar.

Aka ɗaga biki sai Rekiya ta fita takaba. Dangin ango suka aiko cewa sun yafe gara. Rekiya ba ta ji ba. Ta yi kuka har muryarta ta dushe, sannan ta kwance buhun nan, domin a ganinta in ta bar shi ya lalace, Lado ya mutu a banza ke nan. Ta dafa, ta surfe, ta rufe, ta kirɓa, tana yi tana hawaye. Ba ta taɓa yin daddawar da ta kai wannan kyau ba.

Bayan tarewa Fatu, ƙanwar Rekiya, ta jagoranci mata suka kai gara Kurfi. Rekiya ta wuni a bakin ƙofa tana jiran ta ji abin da aka ce. Da yamma sai ga Fatu da kwallar daddawar a ka.

"Lafiya? Sun raina ne?"

"Sun yaba, Yaya. Uwar mijin har guɗa ta yi. Hafiza ce ta ce a sauke komi ban da wagga." Fatu ta sunkuyar da kai. "Ta ce in gaya maki ta gode, amma ba ta iya kaɗa miya da abin da ya ci ubanta."

Rekiya ta karɓi kwallar ta tura ƙarƙashin gado. Har yau tana nan. Ba ta iya ci, ba ta iya sayarwa, kuma ta kasa zubarwa, don ita tun tasowarta ba ta taɓa zubar da abinci ba.