Juma'ar da Esi Ya Mutu a Ɗakin Ƙwan Mesa

Har yau ban manta da wata ranar Juma'a ta watan Agustan 2012 ba, ana tsakiyar azumi. Lokacin shekarata ɗaya da rabi a wani gidan kiwon macizai da ke cikin rumbunan ajiye kaya na Ras Al Khor. Kiwon dabbobi na karanta a gida, niyyata shanu da kaji, amma aikin da ya ba ni biza a Dubai na mesa ne.

Ga wanda bai san sana'ar ba, ba macizai masu dafi muke kiwo ba. Ƙaramar mesa ce ta yankinmu na Afirka ta Yamma, wadda ke dunƙulewa kamar ƙwallo idan ta tsorata. Masu sha'awa na ajiye ta a gida saboda launinta. Idan uwa ta saka ƙwai, mukan kwashe su mu jera a akwatin roba mai ƙasa mai danshi, mu sa a injin ƙyanƙyasa na kusan wata biyu. Dokoki biyu ne ba a wasa da su. Zafi ya tsaya tsakanin digiri talatin da ɗaya da talatin da biyu. Sannan ba a juya ƙwai, domin ɗan macijin yana manne ne ta sama, in aka kifa shi sai ya nutse a ruwan ƙwan. Shi ya sa ranar da aka kwaso ƙwai ake ɗiga wa saman kowanne alama da fensir.

Shugabarmu Dakta Mariyam ce, likitar dabbobi 'yar Sudan. Ƙarƙashinta akwai Baba Sule, babban mai kula, mutumin Zongon Kumasi da ya fara hulɗa da mesa tun yana saurayi. Ni ne mataimakinsa. Ranar Juma'a hutu ne, mutum ɗaya ke zama, kuma wannan makon ni ne.

Wajen ƙarfe goma na safe ina wanke kwanonin ruwa sai na ji wurin ya yi tsit. Ƙugin esi, na'urar sanyaya ɗaki, da kunnena ya saba da shi ya ɗauke. Na danna makunni, na duba fis, babu motsi. Wuta tana nan, esin ne ya mutu. Injin ƙyanƙyasarmu kuwa dumamawa kawai ya iya, ba ya sanyayawa. Rufin rumbun na kwano ne, kuma duk wanda ya yi bazara a Dubai ya san me ke nan.

Na kira kamfanin gyara, suka ce sai bayan sallar Juma'a, inshallah. Na kira Dakta, tana Al Ain, tafiyar fiye da awa ɗaya da rabi.

“Nawa ma'aunin zafi ya nuna?” ta tambaya.

“Talatin da uku, Dakta.”

“Kira Sule. Yalla, yi maza, ina hanya.”

Kafin Baba Sule ya iso daga unguwarsu ta International City ma'auni ya kai talatin da biyar. Akwati takwas ne a injin, ƙwai arba'in da shida. Na fasa ƙanƙarar firij ɗin da muke ajiye abincin macizai, ina shirin jera ta a kan akwatunan, sai ga shi ya shigo da jallabiyar masallaci.

“Kai, Kabiru, ajiye!” ya daka mini tsawa. “Sanyin farat ɗaya ma kisa yake yi.”

“To Baba, dahuwa za su yi muna kallo?”

“Manyan macizan za su jure zuwa la'asar. Cika musu kwanoni, jiƙa ƙasa, kunna fanka. Ƙwai kuwa ɗakina za mu kai su.”

Muka yi hakan a guje. Ya tayar da motar aiki, ya bar esinta ya ɗan yi aiki har cikinta ya daina ƙuna. Muka fara fito da akwatunan ɗaya bayan ɗaya, kowanne an lulluɓe shi da tawul, ana riƙe da shi a miƙe kamar kwanon miya da ya cika.

A akwati na shida abin ya faru. Ina fitowa daga ƙofa rana ta dake ni a fuska, ga ƙishirwar azumi, ga gudun da na sha. Jiri ya ɗebe ni, ƙafata ta bugi dokin ƙofa. Ban faɗi ba, ban kuma saki akwatin ba, amma na ji ƙwai sun gangara sun taru a gefe guda.

Baba Sule ya buɗe murfin. “Ba komai, mu bi alamar fensir mu mayar da su.” Ya ɗaga ɗaya, ya duba ko'ina. Ya ɗaga na biyu. Sai ya dube ni.

Babu alama a ko ɗaya. Ni na kwaso su kwana goma sha biyu da suka wuce. Ƙwan mesa kan manne da juna, amma waɗannan biyar a rarrabe suka zo. Ranar fensirin ya ɓace mini, na ce zan dawo in saka, ban dawo ba. Kuma ƙwan wata farar mesa ne da Dakta ta shekara uku tana jiran ta saka.

“Baba, ni ne,” na ce.

“Na sani. Shiga mota.”

Tafiyar ba ta wuce minti goma sha biyar ba, amma ban taɓa ganin doguwar hanya irinta ba. Akwatin yana kan cinyata, duk tudun rage gudu sai na ɗauke numfashi. Ina tunanin ƙwan, ina tunanin bizata, ina tunanin yadda zan gaya wa mahaifiyata an kore ni saboda fensir.

A ɗakinsa ya rage esi, muka jera akwatunan a cikin kabad ɗin tufafi da ma'auni a tsakiya. Sannan ya ja ni banɗaki da akwati na shida, ya rufe ƙofa, ya kashe fitila. Ya kunna tocilar wayarsa ya manna ta a jikin ƙwai. Ƙwan ya yi ja kamar garwashi, ga jijiyoyi sirara sun bazu, ga wani ɗan duhu a gefe guda.

“Ka gan shi? Nan ne samansa. Miƙo biro.”

Haka muka bi su biyar. Uku sun nuna sarai. Biyu kuwa jijiyoyinsu sun yi dishi-dishi, ya dai ajiye su yadda ya fi zato. Ranar a wani ƙaramin masallaci na kusa muka samu sallah, a sahun waje, kan kwali.

Dakta ta iso bayan azahar, ta fara duba manyan macizan a rumbu, ta tarar duk suna raye, sannan ta zo. Kafin ta ƙwanƙwasa, Baba Sule ya ce mini a hankali, “In ka so, sai mu ce gangarawa suka yi kawai. Amma gara ta ji daga bakinka.”

Na faɗa mata komai, har zancen fensirin. Ta duba akwatin.

“Ka rubuta a littafin aiki kamar yadda ka faɗa mini,” ta ce. “Kuma kai za ka ci gaba da kula da su har ƙarshe. Khalas, shi ke nan.”

Wannan hukuncin ya fi mini kora nauyi. An gyara esi da yamma, washegari muka mayar da ƙwan. Kwana arba'in da wani abu kullum sai na haska su da tocila. A mako na biyu waɗancan biyun suka yi kore, suka fara wari, na fitar da su da hannuna. Sauran akwatunan sun yi asarar huɗu saboda zafin. Ukun nan kuwa wata safiya na tarar da ɗan tsagi a jikin ɗaya, ga ɗan farin kai ya leƙo yana wasa da harshe.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, mutane za su yi ta tambayarku ko ba kwa tsoron cizo. Ni a shekarun da na yi, mesa ta cije ni ba adadi, ban taɓa kwana da zafinsa ba. Abin da ya hana ni sukuni shi ne aikin daƙiƙa goma da na ce sai anjima. Dabbar nan ba ta kuka, ba ta kira, ƙwanta ma ko motsi ba ya yi, sai abin da ka lura da shi da kanka. Idan kuma kun yi kuskure, ku faɗa tun ana iya gyara wani abu. Ni na faɗa, an gyara uku, biyu kuma har yau alhakinsu a wuyana yake.