Ramin da Muka Haƙa wa Baba Mai Citta

A shekarun da naira ta fara yawo, lokacin muna kiran kobo goma sule, ina aiki da wani mutum a Kafanchan mai ƙaramar tarakta. Tsohon ma'aikacin reluwe ne. Da ya bar aiki ya tafi Jos ya sayo ta kwance a hannun masu haƙar kuza. A bayanta akwai hannun ƙarfe mai lanƙwasa, a bakinsa bokiti mai haƙora wanda muke ce wa cokali. Da shi muke haƙa lambatu da harsashin gini da hanyar ruwa a gonaki.

Shi yake tuƙi, Oga nake ce masa. Ni nake shiga rami da shebur in gyara gefe da gindi. Ciniki ma nawa ne, domin Oga yana da saurin fushi, ni kuwa ina iya zama a kan kututture awa biyu ina sauraron mutum yana neman ragin sule ɗaya.

Manoma ba su yarda da tef ɗin awo ba, ni ma a lokacin ban iya karanta lambobinsa ba. Don haka tsawo da taki muke aunawa, zurfi kuma da jikina. Ramin da ya kai gwiwa sule uku ne kowane taki, na ƙugu sule biyar, na ƙirji naira ɗaya. In an gama sai in sauka in tsaya, mai gona ya gani da idonsa. Ni gajere ne. Oga bai taɓa faɗa ba, amma na san gajartata tana cikin abin da ya sa ya ɗauke ni.

Taraktar tana da ciwo guda: batirinta ya mutu tun kafin in zo. Kullum a kan gangare muke kwantar da ita, da safe mu tura ta tashi. In ta tashi ba a kashe ta sai an tashi aiki. Ko abinci muke ci tana nan tana kaɗa ƙasa a ƙarƙashinmu.

Farkon wata damina wani dattijon ikilisiya ya kira mu ƙauyensu a ƙasar Jaba, ta hanyar Nok. Dogo ne, siriri, mai furfura, kowa Baba yake ce masa. Ruwa yana kwanciya a gonarsa ta citta yana ruɓar da iri. Tsakanin gonar da rafi akwai ɗan tudu, yana so mu tsaga tudun ruwan ya sami hanya. Muka fara daga bakin rafi muna hawa. Kwana biyu muka yi taki arba'in, duka ƙirji. A rana ta uku muka shiga tsakiyar tudun, inda ramin ya wuce kaina. Jar ƙasa ce a sama, a ƙarƙashinta farin yashi mai tsattsafo da ruwa. Ƙasar da cokali ya kwaso a bakin ramin muke zuba ta, don Oga ba ya son ɓata mai wurin juyawa nesa.

An yi ruwa kafin gari ya waye. Da na zo da safe na ga tsaga a bayan tarin ƙasar, siririya, tana bin gefen ramin kamar taki huɗu. Na sa yatsa ya shige. Na ce a raina in mun gama magana da Baba zan gaya wa Oga, domin ranar ce za mu yanke kuɗin wurin mai zurfi, kuma ba na so ya ga aibi a aikin kafin mu daidaita.

Baba ya zo da hantsi, matarsa, wadda ake ce wa Mama, tana biye da shi da ƙwaryar kunu. Na sauka ta bakin rafi na tsaya.

"Ga shi, Baba. Ƙirji."

Ya dube ni daga sama. "Ƙirjin wa?"

"Nawa mana. Da shi muka yi ciniki."

"Ɗana, da kai za a auna rijiya, ai sai in sayar da gidana. Fito."

Mama ta yi dariya har kunu ya zube. Baba ya naɗe wandonsa ya shiga. Bakin ramin bai wuce ɗamararsa ba. Ya kama tafiya a ciki yana hawa, kowane taki yana ɗaga murya don Oga ya ji duk da ƙarar inji: "Ƙugu! Ƙugu! Nan ma ƙugu!" Ina bin sa ta sama. Raina ya ɗan sosu, don rabin kuɗin aikinmu yake tafiya da kowane ƙugu. Da ya kusa tudun ya tsaya, sai na ce:

"Ƙarasa gaba mana, Baba. Mu gani ko can ma ƙugu ne."

Ni na faɗi haka, da bakina, ina sane da tsagar.

Ya ƙarasa. Ramin ya haɗiye shi har kafaɗa. Taraktar tana tsaye a kan ramin, taki uku a gabansa, tana rawa a kan ƙafafunta na ƙarfe. Ya ɗago kai zai yi mini magana.

Ban ji wata babbar ƙara ba. Kamar an sauke buhun hatsi ne daga kan mota. Gefen ramin da tarin ƙasar da ke kansa suka zame gaba ɗaya, mafi yawa a bayansa. Da na leƙa, kansa da hannunsa ɗaya kawai nake gani. Ƙasa ta kama shi har hamata, a bayansa kuma ta taru ta wuce ƙeyarsa. Bakinsa a buɗe, amma babu murya.

Mama ta yi kururuwa da yarensu. Oga ya diro, ya leƙa, ya koma da gudu ya kama sandunan cokali.

"Matsa! Cokali uku ya fita!"

"Oga, a'a! Ba mu san inda ƙafarsa take ba!"

"Ka fi ni sanin aikina?"

"Cokali bai san ƙafa da saiwa ba. Kashe injin, ƙasa tana ƙara zubowa."

"In na kashe ba za ta tashi a nan ba. Nauyinta a kansa zai zauna."

Gaskiya ya faɗa. Amma in ta motsa, ƙafarta ta dama tana dab da ƙarshen tsagar. Mama ba ta jira mu gama ba. Ta je ta tsaya ƙarƙashin cokalin, ta ɗaga kai ta dubi Oga. Ya kashe. Da wurin ya yi shiru sai muka ji abin da inji yake rufewa: yashi yana ta zuba sannu-sannu, da numfashin Baba, gajere, kamar na akuyar da aka ɗaure wa wuya.

Na sauka ta gabansa, tsakaninsa da taraktar. Wurin bai fi faɗin tabarma ba. Ƙafata ta shiga ruwa har idon sawu, a nan na gane masifa ta biyu. Ƙasar da ta zube ta tare hanyar rafi. Ruwan da ke tsattsafowa ba shi da wurin zuwa, sai dai ya taru a inda muke, ya hau zuwa fuskar Baba.

Na yar da shebur don kada in sare shi, na kama tono da hannu a gaban ƙirjinsa. Duk sanda ya fitar da numfashi, yashi sai ya cike gurbin, ya kasa jawo wani. Ina kwashewa yana komowa. Na ce a miƙo mini wani abu. Mama ta zubar da sauran kunun ta jefo mini ƙwaryar.

Mutanen ƙauye sun ji kururuwa sun zo, suka yi layi a bakin ramin suna leƙowa. Ƙasa ta fara zubo mini a wuya. Na ɗaga kai, ban ga komai ba sai ƙafafu, da ƙafar taraktar a samansu.

"Ku ja baya! Don Allah ku ja baya!"

Ba wanda ya ji ni. Mama ta zari karan dawa ta bi su da duka, manya da yara, har da wani mai wa'azi, sai da suka koma bayan tudu. Wasu maza biyu suka jefo igiya, suka ce in ɗaura masa a hamata. Na ɗaura, domin kaina ya daina aiki. Da suka ja sau ɗaya Baba ya yi wata ƙara da har yau ba na son tunawa. Na kwance igiyar.

Wani tsoho da ya taɓa aikin kuza ya ce a tare gefen kafin ya sake zubowa. Mama ta ce a ciro ƙofar ɗakinta. Aka kawo ƙofar da wata ta maƙwabta, aka zuro su, ɗaya a kowane gefe, muka tokare tsakaninsu da taɓare biyu. Ina duƙe a ƙarƙashin taɓaren ina jin itacen yana yin ƙara kaɗan-kaɗan. Mata suka yi layi da bokitai, namiji ɗaya kwance a kan cikinsa yana zuro bokiti da igiya, ina cika masa da ruwa, in koma kan yashi, in sake cika masa. In na bi ruwa yashi ya dawo. In na bi yashi ruwa ya kai gwiwata.

Ban san tsawon lokacin ba. Na dai san rana ta zo tsaka ta leƙo cikin ramin. Da ƙirjinsa ya fito har haƙarƙari, sai ya ja numfashi mai tsawo ya yi tari. Leɓunansa sun yi toka. Yana motsa baki, na kai kunne na ji addu'ar Ubangiji yake yi, yana kai wa tsakiya ya koma farko.

Fuskata tana dab da tasa. Ban shirya faɗa ba, ya fito da kansa.

"Baba, na ga tsagar nan tun safe. Ban faɗa ba."

Ya buɗe ido ya dube ni. Na ɗauka zai tofa mini yawu.

"Ni ba fasto ba ne," ya ce. "Haƙa."

Na haƙa. Farce biyu suka fita ban ji ba. Ƙwaryar ta fashe, aka jefo mini tasa. Da na kai ƙugunsa sai na ga abin da ya sa igiya ta kusa kashe shi: ƙafarsa ta hagu a miƙe take, ta dama kuwa ta lanƙwashe baya, ga wani dunƙulen jar ƙasa mai tauri kamar dutse ya danne ta. Da cokali ya sauka a nan, da a cinyarsa zai sauka. Duk wannan yana ƙarƙashin ruwa, da lalube nake aiki.

Sai taɓarya ɗaya ta yi ƙara ta goce. Ƙofar dama ta sunkuyo ta taɓa kafaɗata. A sama mata suka yi ihu. Na ji fitsari mai ɗumi yana bin cinyata a cikin ruwan sanyi. Jikina duka yana cewa in haye in gudu, kuma da akwai hanya mai sauƙi ban san abin da zan yi ba. Sai na ji wani ya diro a bayana. Oga ne, da takalmansa na reluwe da tumbinsa. Ya sa bayansa a jikin ƙofar, ya tokare ƙafafunsa a ɗaya gefen.

"Yi sauri, gajere," ya ce, haƙoransa a cije. "Ni ba taɓarya ba ne."

Na nutsa hannu biyu na farfasa dunƙulen da bakin tasa, ɓari-ɓari, har ƙafar ta yi sako-sako. Na rungumi Baba ta ƙugu, maza huɗu suka kwanta a sama suka kama hannayensa, muka ɗaga shi a hankali kamar tulun da ya tsage. Ya fita ba wando ba takalmi. Suka jawo ni. Oga ya fito a ƙarshe, yana sakin ƙofar ta kwanta, yashi ya bi ta.

Aka shimfiɗa Baba a gindin ɗorawa, Mama ta rufe shi da zanenta na sama. Yana numfashi, yana gane mutane, amma ƙafar dama ta yi fari-fari, sanyi ƙalau. Tsohon mai kuza ya mintsine ta, Baba bai ji ba. Ya soka masa ƙaya a tafin sawu, bai ji ba. Tsohon ya dubi Oga, ya kawar da kai. Ya ce ya ga irin wannan a ramin kuza, amma bai faɗi yadda aka ƙare ba, mu ma ba mu tambaya ba.

Taraktar ba za ta tashi ba, mota kuwa sai bakin titi, tafiyar mil biyu. Aka ɗaure gora biyu da bargo, muka sa shi a kai. Na kama wajen ƙafafu, don ba na iya duban fuskarsa. Mama tana tafe a gefe tana murza ƙafar da man kaɗe, ba ta fasa ba ko a kan duwatsun rafi. Ina kallon yatsun nan biyar suna lilo kamar ba na mai rai ba, ina tunanin yadda dogon mutum irin wannan zai shiga majami'a da ƙafa ɗaya, kowa ya san wanda ya tura shi.

Mun wuce rabin hanya, a wani gangare, santsi ya ɗebe ni, gorar ta karkace, ƙafar ta bugi gwiwata. Baba ya zabura.

"Wayyo! Kai, ɗan nan, so kake ka ƙarasa ni? Wuta ce a ƙafar nan, wuta!"

Muka tsaya cak. Mama ta mintsini babban yatsan da ƙarfi.

"Ke, mene ne haka? Sake ni!"

Ta sake mintsininsa. Ya janye ƙafar da kansa, yana yi mata faɗa da yarensu. Ta zauna a tsakiyar hanya, man kaɗe a hannunta, tana kuka tana dariya. Tsohon mai kuza ya ce mu ɗauka mu tafi, da sauran tafiya kafin asibiti, kuma ƙashin ma ba a san halinsa ba tukuna. Muka ɗauka. Har muka kai titi Baba bai daina ihu ba, kowane taki sai ya ce mu bi a hankali, mu kuwa sai ƙara sauri muke yi.