Makahon Kwabon Innarmu

Abubuwa da yawa sun fita kaina, har sunayen jikoki sai na kira uku kafin in dace da wanda nike so. Amma ranar da aka huda makahon kwabon innarmu, wannan kam da ita za ni kabari.

A gidanmu can Gangara akwai al'ada. Innarmu ta bar gwangwani cike da tsoffin kwabban zamanin Turawa, masu huji a tsakiya da tauraro. Duk jaririn da aka haifa, ran suna sai a zura ɗaya a zare a rataya mai a wuya. Ba magani ba ne, shaida ce kawai cewa kai jinin gidan ne. Cikinsu akwai guda da ya zo ba huji, a toshe. Inna ta sa mai suna makaho, kullum ana tsallake shi. Da ta rasu gwangwanin ya koma hannun yayata, kwabbai suka yi ta ƙarewa, har ya zamana ranar da ɗiyata ta haihu, makaho kaɗai ya rage.

Lokacin ban daɗe da shiga ajin yaƙi da jahilci ba, haƙorana ma sun fara zuba. Sabon karatu kuwa kamar ƙaiƙayi yake, ko buhun taki na gani sai na tsaya na karanta. Na je kasuwar Isa sayayyar suna, sai ga wani mutum daga Sakkwato ya shimfiɗa tabarma yana sayen tsoffin kuɗi. Na kwance kwabon da aka rataya mani ina jaririya na miƙa mai, ba don in sayar ba, so nike ya ga na iya karanta shekarar da ke ƙarƙashin tauraron.

"Kin karanta daidai, Inna," in ji shi. "Amma na wagga shekara kamar ƙasa suke."

Ya ba ni gilashinsa mai ƙara girma, ya nuna mani wani ɗan harafi kusa da hujin, ya ce shi ke faɗin masana'antar da ta buga. Kwabo biyu sai su yi kama kamar tagwaye, amma shekara ko wanga harafi su raba su. Ya ce a duba ko rubutu ya hau biyu, ko huji ya karkace. Kada a goge da toka, kada a jiƙa a tsamiya.

Na yi dariya na ce, "Mu namu ma makaho na, ko hujin babu."

Mutumin ya aje gilashi. "Babu huji? Inna, injin na ya tsallake shi tun can. Irinshi ake nema ido rufe. Don Allah kada kowa shi taɓa shi."

Na hau mota na dawo, ban ko sha ruwa ba na wuce ɗakin Yaya na kwashe labari na gaya mata. Tana tsinkar zogale, ba ta ɗago ba.

"To jaririyar mi za ta rataya?"

"A ba baduku shi ɗinke shi cikin fata, Yaya."

"Laya Inna ta bar muna ko kwabo? Injin Bature ya yi kure, mu za mu gyara mai. Ke tunda kika fara boko kowa ya zama jahili."

Na ce ta dai dakata. Ta ci gaba da tsinkar zogalenta, ni kuma na ɗauka ta yarda. Ashe ba yarda Yaya ta yi ba, ta dai gama maganarta.

Da safe na leƙa ba ta nan, gwangwani a buɗe. Na ja zane na nufi maƙera da gudun da ban san ina da sauransa ba. Tun daga bakin masallaci nike jin guduma. Ina isa maƙeri yana hura ƙurar bakin hujin, yana murna da aikinsa.

"Ga shi, Inna, makaho ya samu ido!"

Hujin ma bai zauna tsakiya ba, ya cinye gefen tauraro. Yaya ta karɓa ta ɗaga shi ga rana, sai na ga hawaye a idonta. Ta ce, "Yanzu ba a bar yarinya ita kaɗai ba." Ni ina ganin abin da babu irinsa, ita tana ganin jaririyar da za ta tashi babu shaidar gidansu. Ba mugunta ta kai ta ba.

Daga baya na kai wa mutumin Sakkwato ya gani. Ya juya shi, ya juya, ya mayar mani. Ya ce yanzu ba wanda zai yarda a toshe ya fito, ya zama kwabon da maƙeri ya ɓata. Na ce ai ba sayarwa na zo yi ba. Ya ce ya sani, shi ya sa abin ya fi ba shi tausayi.

Yaya ta rasu, Allah Ya jiƙanta. Yarinyar ta girma da kwabonta, sai ta fito bahaguwa. Da ta shiga makaranta uwarta ta ɗauko tsumma za ta ɗaure mata hannun hagu, wai don ta koyi rubutu kamar kowa. Na fizge tsumman na jefa a murhu. Na ce abinci ta ci da dama yadda addini ya ce, amma alƙalami a bar mata inda Allah Ya sa mata shi. Yau ita ke duba mani wanga rubutu, da hagun nan.

Abin da na koya ke nan: in abu ya zo daban da 'yan'uwansa, a tsaya a tambaya kafin a kai shi maƙera. Masu gyara galibi da ƙauna suke zuwa, shi ya sa hana su ke da wuya. Amma huji in an yi shi, ba ya komawa.